Waƙar da Ta Rage a Bakin Agali

"Ka sake tsayawa! Wallahi ka sake tsayawa!"

Tekna ta maka tafin hannunta a kan jarkar da take kaɗa masa. Agali ya ɗago kai daga kan jita kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

"Ban tsaya ba..."

"To wa ya tsaya? Ni? Kana buɗe baki, hannunka ya mutu. Shekara goma kana rungume da abin nan, ashe jaki aka ɗora wa jita!"

"Ki iya bakinki, 'yar goggo."

"Ba zan iya ba, ɗan kawu. Sake!"

Taubasai ne, zagi a tsakaninsu tun suna yawo ba takalmi. Amma na yau babu wasa a cikinsa, su biyun kuma sun sani.

Shekara goma Agali yana kaɗa jita, Ehya yayan Tekna yana rerawa. A Tamanrasat duk bikin da ba su je ba, sai amarya ta yi kuka. Wata bakwai da suka wuce, suna dawowa daga wani biki a Abalessa, taya ta fashe, mota ta kife. Agali ke tuƙi. Ya fito da ƙujewa a goshi, Ehya bai fito ba. A lokacin saura mako uku a ɗaura auren Agali da Tekna.

Inna Minata, uwar Tekna, ba ta yi kururuwa ba. Ta tattara kaset-kaset ɗin waƙoƙin ɗanta ta farfasa, ta hana a ambaci sunansa a gidan. Ta aika wa ƙaninta Sidati, uban Agali, cewa ɗansa ya nemi wata matar. Yanzu kuma ta ce ranar Juma'a za ta koma wajen danginta a Ideles, da 'yarta, ba dawowa.

Tekna ba ta iya kallon idon uwarta ta ce a'a. Ba ta kuma iya barin wannan mai taurin kan. Dabara ɗaya ta rage mata. A kan hanyar nan, kafin tayar ta fashe, Ehya ya haɗa wa uwarsa waƙa, kuma duk duniya Agali kaɗai ya ji ta. In ya ajiye jita, karin ya gudu masa. In ya ɗauka, bakinsa ya ƙi. Shi ya sa kullum bayan la'asar suke haɗuwa a busasshen rafin bayan gari, a gindin wata ƙaya, suna cin mutuncin juna.

"Matsalarka tunani," in ji ta. "Kana kallon yatsunka kamar za su gudu. Mu mata muna daka muna gulma, ka taɓa jin taɓarya ta tsaya don labari ya yi daɗi?"

"Ni ba daka nake yi ba."

"Gara daka, ana samun gari. Bar waƙar. Kaɗa kawai, ni kuma in yi maka tambaya. In hannun nan ya tsaya, na tashi."

Ya fara. Kiɗan ya ɗauki tafiyarsa irin ta raƙumi mai sassarfa.

"Nawa ka sayi rawanin nan?"

"Dinari ɗari... ɗari..." Tsirkiya ta yi tsit.

"Kai, Allah ya isa! Kuɗin rawaninka ma sai ka tsaya?"

Haka suka yi Lahadi, suka yi Litinin. Ta tambaye shi sunayen awakin uwarsa, ta tambaye shi 'yan mata nawa ya yi wa ƙarya kafin ita. Yatsunsa suka fashe, ya sa ƙyalle ya ɗaure. Ran Talata ya iya amsa gaisuwa hannu na tafiya. Ba ta yaba masa ba, ta ce ko yaron goye ya fi haka.

Ran Laraba ta zo ba jarka. Ta zauna daf da shi, idanunta jajur.

"Kaɗa."

Ya kaɗa.

"Gudu kake yi ranar nan?"

Kafaɗarsa ta motsa, amma hannun ya ci gaba.

"Gudu nake."

"Wata bakwai! Inna ta tambaye ka, kawu ya tambaye ka, ka yi shiru kamar dutse. Uban me kake wa gudu? Wa ya biyo ka?"

"Tekna, bar wannan."

"Ba zan bari ba! Ka kashe min ɗan'uwa, ka hana ni sanin dalili? Faɗi, matsoraci!"

"Ke ce!" Muryarsa ta fashe, kiɗan kuwa bai ko girgiza ba. "Ke kika ce in ban dawo kafin magariba ba, kada in ƙara tako ƙofarku. Kin manta? A bakin zaure, kina dariya. Na gaya masa, ya ce taka mota, ƙanwata ba ta wasa... Ta yaya zan faɗi wannan a gaban goggo, hasken idona? In bar ta da ɗa a ƙasa da 'yar da ba za ta iya kallo ba?"

Ta tuna. Har zanen da ta ɗaura ranar ta tuna. Ta kifa fuska a gwiwa ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar jana'iza, jitar tana ta tafiya a kanta, shi ma hawaye na sauka cikin rawani.

Can ta ɗago.

"Na tsane ka, Agali."

"Na sani."

"Hannunka bai tsaya ba. Ɗora waƙar."

Ya ɗora. Waƙar ta zauna daram.

Ran Alhamis da hantsi Inna Minata tana tsakar gida tana ɗaure tabarmi da igiya, buhun alkama da tukwane jere a gefenta, sai ga 'yarta ta shigo, Agali na biye rungume da jita. Ya ja amawalin rawaninsa har ƙarƙashin ido, kamar yadda yake yi a gabanta tun ranar da aka sa musu rana.

Tsohuwar ba ta ko miƙe ba.

"Wa ya buɗe wa wannan ƙofa?"

"Inna, saƙo ya kawo."

"Ya kawo saƙonsa wata bakwai da suka wuce, a naɗe cikin bargo. Na karɓa. Kai, ɗan Sidati! Na ba ka mutum da ƙafarsa, ka dawo min da katako da waya. Fita!"

"Goggo..."

"Goggonka tana maƙabarta!"

"Inna, ba shi ba ne," in ji Tekna. "Ranar nan ni ce na..."

Agali ya bugi tsirkiya da ƙarfi, ya danne sauran maganar. Ya durƙusa a bakin zaure ya kama kiɗa, ya fara rerawa. Sai dai muryarsa ba ta Ehya ba ce, ƙarama ce, ga ninki biyu na shuni a kan bakinsa. Abin da ke fitowa gunaguni ne kawai.

"Kukan me yake min, kamar ɗan maraƙi a buhu? Tekna, ɗauko min muciya!"

"Ba ta ji, Agali!" Tekna ta yi ƙara. "Ba ta jin komai!"

Ya dube ta. A al'adarsu, namiji ba ya nuna wa uwar matarsa baki. Ba ya ci a gabanta, ba ya sha, ko ƙishi zai kashe shi. Wanda ya buɗe fuska a gaban tsohuwa, ya shaida wa duniya ke nan ba ya neman komai a ɗakinta. Agali ya sa hannu ya fizge amawalin zuwa haɓa, ya koma kan tsirkiya.

"Mai shayi uku, na farkon naki ne,
kin ce in dawo kafin zafin rana.
Na yi yawo, Minata, na sha rijiyoyi,
ban sami ruwa irin na salkarki ba..."

Igiya ta zame daga hannun tsohuwar. Mutum ɗaya ne a duniya yake kiran ta da gatsal ɗin sunanta don ya tsokane ta, ta bi shi da takalmi. Ta zauna a kan buhu.

Agali ya kai waƙar har ƙarshe, baiti biyar, hannu bai tsaya ba, murya ba ta yanke ba. Da ya gama ya ajiye jitar a gabanta.

"Taki ce, goggo. Ba ni da sauran abin da zan ba ki. Allah ya kai ku lafiya."

Ya juya zai fita. Tekna ta toshe bakinta da mayafi.

"Kai!"

Ya tsaya.

"Baiti na uku ka ja shi kamar mai jan guga. Shi ba haka zai yi ba. Gobe ka dawo ka gyara."

"Gobe... gobe Juma'a ce, Inna," in ji Tekna.

"Na tambaye ki kwanakin mako? Kwance min tabarmin nan!" Ta goge ido da bakin mayafi, ta watsa wa Agali harara. "Kai kuma marar kunya, ka tsaya min da haƙora a waje? Rufe bakinka a gaban surukarka!"