Daren da Aka Hana Sumie

Magariba ta sami gidan su Kuwabara cike da hayaƙin turare. Michiru ce kwance a ɗakin tsakiya, an rufe mata fuska da farin ƙyalle, ga kwanon shinkafa a wajen kanta. Da hantsi ta cika, doka kuwa ba ta yarda a ƙona mamaci sai ya yi yini da kwana. Mijinta Noboru ya karɓo takardar izini daga ofishin gari, aka ba su gobe da azahar. Dare ɗaya ke nan ya rage wa tsohuwa Tsuneko ta zauna kusa da autarta. Uwa dai ba ta taɓa yarda tana da 'yar lele, amma duk unguwa ta san wannan.

Sai dutse ya faɗo a kan rufi, wani ya biyo shi. Noboru ya leƙa waje bai ga ko kyanwa ba. Turaren da ba a bari ya mutu a irin wannan dare ya mutu da kansa, aka kunna, ya sake mutuwa. Can Kotone, budurwar 'yar marigayiyar, ta miƙe a hankali, ta kife kwanon shinkafar da ƙafa, ta dubi Tsuneko.

"Wannan gata haka, Mama? Har da farin ƙyalle?"

Tsuneko ta ja da baya, domin Kaka yarinyar ta saba kiranta, ba Mama ba. Noboru ya kama hannun 'yarsa ya saki ba shiri, kamar ya taɓa tukunya a kan wuta.

Aka kira Gensho, tsohon malamin haikalin unguwa. Ya durƙusa gaban yarinyar, ya ja carbinsa ya daɗe yana karatu kafin ya ɗago.

"Wace ce ke? Me kike nema a jikin marainiya?"

"Tambayi matar can. Biyu ta haifa, ɗaya take ƙirgawa."

"Sumie ce," in ji Tsuneko. "Babbar 'yata."

Tana yarinya Sumie ta mutu, shekarar da aka yi annobar zazzaɓi. Ga irin wannan cuta doka ta yarda a ƙona gawa a ranar, don haka daga gadon asibiti aka wuce da ita wuta. Ba turare, ba wanda ya kwana a gefenta.

"Doka ce ta raba mu, 'yata."

"Doka ta hana ki gawata, na ji. Ita ta hana ki zuwa ko bakin ƙofar asibiti? Kina gida kina fifita wa autarki romo, don ta yi ɗan tari! To, zan tafi da 'yarta, ta ji yadda wuta take."

Gensho ya yi tayin addu'a duk shekara, da sabon dutse a kan kabari. Muryar ta yi tsaki.

"Addu'ar haya ba na so. Dare nake so, uwata a gefena."

"Jibi naki ne, Yaya," in ji Noboru. "Ki bar mana na yau."

"Ragowa kuma? Na ƙoshi da ragowar Michiru. Na yau nake so, nata. Kuma kada Mama ta ƙara ɗaga ƙyallen nan har a sa ta a wuta. Yadda ba ta ga tawa fuskar ba."

Malamin ya sunkuyar da kai, domin wannan ciniki ba nasa ba ne. Leɓunan Kotone sun fara tsagewa don zafi. Tsuneko ta dubi jikarta, ta dubi farin ƙyallen, hannunta ya miƙa ya tsaya a hanya. Abin tausayi, ta miƙe da ƙyar ta fita.

A ɗakin baya ta shimfiɗa ƙaramar katifa, ta kunna turare, ta zauna gefen shimfiɗar da ba kowa a kai. Nan take Kotone ta zube, gumi ya karyo mata, ta buɗe ido tana kiran babanta.

Bangon takarda ne kawai tsakanin ɗakunan, Tsuneko tana jin 'yan uwa suna shigowa suna kiran sunan Michiru, kanta ya karkata can. Sai wata siririyar muryar yarinya ta taso daga katifar.

"Mama, ki daina sauraron can."

Tsohuwa ta juya wa bangon baya, ta ɗora hannu a kan katifar tana bubbugawa a hankali har gari ya waye. Da azahar aka ƙona Michiru, uwarta ba ta ga fuskarta ba.