Baƙin Jirgi a Falon Hajiya Hansai

A falonta da ke Croydon, Hajiya Hansai ta ajiye kofin shayi ta dubi Maharazu, ɗan ƙaninta, wanda take riƙo tun zuwansa London karatun likita.

"Da idona na ga Zaratun taka a Aldwych! A saman bas, tsakiyar ƙarti, tana nuna musu gari tana dariya. Ita za ka kawo mana?"

"Gwaggo, ma'aikatan jirgin ruwa ne fa. In jirginsu ya tsaya a Tilbury, su Zaratu, matan zangon Ghana mazauna London, kan ɗauko su, su zaga da su gari, su ciyar da su. Sadaka ce."

"To ta zaɓa, ko kai ko su! In ba haka ba, bakina ba zai kai maganarta wurin ubanka ba."

Maharazu ya san in ba da bakin Gwaggo ba, babu aure. Da ya isar da saƙon, Zaratu ta yi kuka, sannan ta share fuska.

"Babana a jirgi ya tsufa. Ya sha sauka garin da ba mai ce masa sannu. Ba zan daina ba, kuma ba zan yi wa Hajiya rashin kunya ba. Zan jira."

Ta jira har aka ci rani, sanyi ya shigo.

Ranar Babbar Sallah ta bugo masa waya. "An yi cancel ɗin hall ɗin da za mu ciyar da mutanen jirgi, ga ruwa ana yi, ga baƙi cike da bas!"

Maharazu ya san a gidansu ba a taɓa mayar da baƙo daga bakin ƙofa ranar Sallah ba. Ya kuma san abin da zai biyo baya.

"Ku taho Croydon."

Hajiya ta buɗe ƙofa ta ga maza jiƙe sharkaf sun tuɓe takalma, sun durƙusa. "Barka da Sallah, Inna!" Ta zabga wa Maharazu harara, ta ce, "Ku shigo."

Daga kujerarta ta zuba ido. Zaratu ta raba tuwo, ta san wanda ba ya cin yaji, ta san wanda matarsa ta haihu yana teku. Ita ko loma ba ta kai baki ba. Can Hajiya ta hango wani dattijo, Yusif, yana naɗe namansa a hankici.

"Malam, bai yi daɗi ba ne?"

"Ya yi, Inna. Abokina ne aka bari gadin jirgi, bai ga Sallah ba."

"Baba Yusif, ci abinka," in ji Zaratu. "Nasa na cikin kwano tun safe."

Hajiya ta miƙe ta shiga kicin. Ta fito da cinyar rago guda, ta miƙa wa Zaratu ba tare da ta dube ta ba.

"Ƙara masa. Ke kuma zauna ki ci, ba na son amarya ramammiya."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Zaratu ba ta sayi aurenta da barin alheri ba, ba ta kuma saye shi da tsiwa ba. Haƙuri ta yi har halinta ya isa inda bakinta ba zai isa ba.