Manomi da Guntun Kare

An yi wani manomi mai zafin rai. Wata rana ya tafi da ƙaramar 'yarsa, Kyauta, wurin wani maharbi neman karen da zai tsare masa kaji.

Maharbi ya nuna masa wani guntun kare. Manomi ya harzuƙa. "Ni za ka raina? Wancan ƙaton nake so!"

Maharbi ya zuba wa karnukan tuwo, ya ce, "Janye kwanon guntun." Manomi ya janye, guntu ya kaɗa wutsiya.

"Janye na ƙaton." Manomi ya miƙa hannu, ƙato ya kai masa cafka, ya yage masa riga.

Yana cikin zage-zage, sai ya ga Kyauta ita ma ta miƙa ɗan hannunta wajen kwanon ƙaton. Ya fizgo ta, ya daka wa maharbi tsawa.

"Me kake jira? Ba ni guntun!"