Ƙyallen Rawanin Tambari Amastan

Hansai, ƙawata, kin tambaye ni abin da ya sa tsohuwar nan Fadimata, mai kawo mini gawayi, ba ta amsa sallamar mutanen sabon tambari. A kasuwa ba zan iya ba ki amsa ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

A ƙarshen zamanin Tambari Amastan, shugaban wani zangon Abzinawa masu kiwo tsakanin Arlit da Imouraren, cikin bazarar shekarar da aka karɓe izinin haƙar ma'adinin wurin, ciyawa ta ƙare tun zafi bai kai tsakiya ba. Dusa ta gagari talaka. Raƙuman manya kamiyo, wato manyan motoci, ke kawo musu abinci daga gari, na zawarawa da marayu kuwa sai ƙaya da kwali. A wannan hali agana ta shiga garke. Ta fara da Farin Amale, raƙumin hawan tambari. Leɓɓansa suka kumbura, ƙuraje suka fito masa a hanci da fatar ido, suka fashe suna ruwa.

Tambari kansa yana kwance, tsufa ya ci ƙarfinsa. Mutum biyu ke jiran rawaninsa: Illi, ɗan cikinsa, da Alkassoum, ɗan ƙanwarsa, wanda dattawa suka fi karkata gare shi. Taubasai ne, kuma da wasan taubasantaka Illi yake fakewa duk lokacin da zai soki ɗan'uwansa.

Tambari ya aiki Alkassoum Arlit wajen likitan dabbobi. Ya dawo da gwangwanin man shafawa mai aidin, da ƙunshin auduga, da gargaɗin likita a kunnensa. Man ba ya kashe agana, gyambo kawai yake tsarewa daga ƙuda da ruɓa. Raƙumi mai ƙarfi jikinsa zai kore ta da kansa, amma ramamme da ɗan da ba a yaye ba, ba su da abin kare kai. A ware masu ciwo. Kowane raƙumi da audugarsa, a ƙone ta bayan shafi. Wanda bai kamu ba, kada a taɓa shi.

To, gidan yana da al'ada tun kakanni. Idan annoba ta shiga garke, tambari yakan yage ƙyalle daga rawaninsa, a tsoma cikin magani, a fara shafa wa raƙuminsa, sannan a bi sauran bisa darajar masu su, mai ciwo da mai lafiya, domin albarkar sarauta ta kai kan kowa. Ba a raba ƙyallen, ba a ƙona shi.

Bayan la'asar aka taru a bakin rijiya. Aka fito da tambari a kan tabarma, aka jingina shi da sirdi. Alkassoum ya durƙusa, ya faɗi duk abin da likita ya ce, bai rage kome ba.

Illi ya yi dariya. "Taubashi, magani aka aike ka sayowa ko ashana? Tsoho yana numfashi ka fara maganar ƙone-ƙone. Ka bari mu binne shi mana, sai ka ƙona rawanin gaba ɗaya."

Samari suka yi dariya. Dattawa ba su yi ba. Aghali, babbansu, wanda da hannunsa ake naɗa tambari, ya ja amawali har ƙarƙashin ido, ya ce, "Alkassoum, audugar kanti ta fi rawanin kawunka tsarki ke nan?"

"Ban ce haka ba, baba."

Tambari ya yage ƙyallen da kyar, ya ajiye shi kusa da audugar. "Ɗan ƙanwata, ni na aike ka, kai ka ji da kunnenka. Ɗauki wanda ka ga ya dace."

Alkassoum ya dubi audugar, ya dubi ƙyallen, ya dubi Aghali. Ya san idan ya ɗauki audugar, kafin magariba dattawa sun koma bayan Illi. Ya san kuma abin da ƙyallen zai kwaso daga bakin Farin Amale. Ya yi bismilla, ya ɗauki ƙyallen.

Ya shafa wa Farin Amale, ɓawon ƙurajen na fita yana manne wa ƙyalle. Ya bi na Illi, ya bi na Aghali, ya bi na sauran manya. Kafin ya kai ƙarshen layi gwangwanin ya kusa ƙarewa, abin da ke jikin ƙyallen ruwan ƙurji ya fi magani yawa.

A ƙarshen layi Fadimata take, can nesa, ba ta ji abin da aka faɗa gaban tambari ba. Mijinta direban kamfani ne, tari ya kashe shi, ya bar mata taguwa biyu, wato raƙuma mata, da ƴaƴansu. Da nonon take ciyar da jikokinta. Dabbobin sun rame har ana ganin haƙarƙari, ƙaya ta tsattsaga musu leɓe, amma ko ƙurji ɗaya babu a jikinsu.

Ta ce, "Ɗana, har na fara cewa maganin zai ƙare kafin ya iso kanmu."

Ya rage murya. "Inna, naki lafiyarsu lau. Ko a bar su haka?"

"A bar su? Na Aghali ma lafiyarsu lau, ka shafa musu. Don ba ni da namiji a tsaye ne za ka tsallake ni?"

Daga baya Illi ya ɗaga murya: "Ku ga taubashi, tun bai hau ba ya fara yi wa zawarawa rowar albarka."

Kalma ɗaya ta rage ya faɗa mata, bai faɗa ba. Ita da kanta ta riƙe masa kan ƙaramin ɗan raƙumin, ta buɗe masa baki, ya goga ƙyallen a kan tsagar leɓe. Da ya gama duka huɗun ta ce, "Allah ya ba ka rawanin nan, ɗana. Kai ka san talaka."

Raƙuman manya suka yi ɗan ƙurji nan da can, ya bushe, ya faɗi. Farin Amale ya tashi kamar bai taɓa ciwo ba. Na Fadimata kuwa, agana ta rufe su tun daga baki har ƙarƙashin wutsiya. Ƙananan bakinsu ya kumbura suka kasa kama nono, idanunsu suka liƙe, tsutsa ta shiga gyambon. Ta aika wajen Alkassoum neman sauran magani. Ya aiko mata da ƙunshin audugar, ko buɗe shi ba a yi ba.

Ta samu mota ta zo Arlit wajen likita, ta ba shi labarin ƙyallen tana mamakin yadda albarka ta tsallake ta. Likita ya ce, "Inna, ai na gaya wa mutuminku. Sau biyu na sa ya maimaita mini."

Kafin ta koma ƙananan sun mutu. Taguwa ɗaya ta bi su. Ɗayar nononta ya ƙafe, mahauta suka ɗauke ta. Ba ita kaɗai ba ce: duk waɗanda ke ƙarshen layi haka suka yi.

Da ruwan farko Tambari Amastan ya rasu, Allah ya jiƙansa. Aghali ya naɗa Alkassoum. Abin da ake faɗa a zangon yau shi ne, a shekarar agana ƙyallen rawani ya warkar da garke ta hannun Alkassoum, kuma raƙuman talakawa yunwa ce ta kashe su. An ɗinke ƙyallen cikin jakar fata, an rataye shi a tantin tambari, ana jiran annoba ta gaba. Audugar kuwa tana ɗakin Fadimata a bayan gari, ni na gan ta da idona, har yanzu a ƙunshe.

Mulki Allah ke ba wanda ya so, ajalin dabba ma a rubuce yake, ban yi jayayya da wannan ba. Amma an ajiye wa bawan Allahn nan abu biyu a gabansa, ya san kowanne, ya miƙa hannu. Illi da ya tunzura shi bai rasa ko raƙumi ɗaya ba, yanzu ma tare suke shan shayi. Wadda ta yi wa tambari addu'ar rawani ita ke yawo da buhun gawayi a ka. Akwai ranar da ba a bin layi bisa daraja, ita nake jira mata.

Hansai, don girman Allah, in kin karanta ki sa a murhu, kada ki faɗa wa kowa, ko maigidanki. Kin san Kalilu ɗana shi ke tuƙa motar tambari.