Sunan Mahmudu a Kife

Har aka kira magariba Dawuda bai tashi daga gaban kwamfuta ba. Zanen kwale-kwalen wansa Mahmudu yake ƙarasawa, wanda za a manna a gefen jirgin da safe kafin ya fara ɗaukar fasinja a kogin Binuwai. Jerin kifayen da ya zana ya zauna daidai, amma duk sanda ya ja sunan Mahmudu tsakiyarsu ya saki, sai haruffan su juye, kai ƙasa.

Warin laka ya cika shagon. Wani tsoho ne tsaye a bayansa, ba sallama, rigarsa na ɗiga, alhali rabon Garuwa da ruwan sama tun kaka.

"Bar shi haka, ɗana," in ji shi, muryarsa kamar daga cikin tulu.

"Baba, wa zai karanta rubutu a kife?"

"Ba don mutanen tudu ba ne."

Dawuda ya nemi addu'a a bakinsa ya rasa. Tsohon ya ɗora jiƙaƙƙen yatsa a kan sunan.

"Mu daga ƙasa muke dubawa. Kada gobe mu kifar da na wani."