Katantanwa a Tafin Baba Shazli

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sandan garin Ƙusair, aka ce an tsinci gawar Baba Shazli a ƙofar ɗakinsa da ke bakin teku.

Sufeto Ramzi ya same shi jingine da bango, kai a sunkuye kamar mai gyangyaɗi. Tsohon masunci ne da ya makance, matarsa ta rasu, ɗansa tilo yana Alkahira. Ba jini, ba alamar kokawa, sai ɗan ɗigo ja a tafin hannunsa, da kofunan shayi biyu a kan tabarma.

A gefen tabarmar ya hangi 'yar katantanwa mai tsini, ba ta wuce yatsa ba. Ya miƙa hannu ke nan likitar 'yan sanda, Nagwa, ta daka masa tsawa.

"Kul, Yallaɓai! Da rai a cikinta."

"Wannan ɗan abin?"

"Dodon koɗin teku ne, kuma mafarauci. Yana binne kansa a yashi ƙarƙashin duwatsun murjani, in abinci ya gifta ya harbe shi da haƙori mai dafi kamar allura. Ƙarami irin wannan, hannu yake kumbura wa mutum, ya yi jinya ya tashi. Amma tsoho mai ciwon zuciya ..." Ta girgiza kai.

"Zai iya rarrafowa nan da kansa?"

"Ina! Kawo shi aka yi."

Maƙwabciyar mamacin, Ummu Gamalat, wadda ke kai masa wake da gurasa kullum, ta rantse ba ta ga kowa ba.

"Ni ba mai leƙen gidan maza ba ce, ɗana."

"Kofi biyu fa, Mama? Da aljani ya sha shayin?"

Ta ja gyale ta rufe baki. Can ta ce, "Wa ke zuwa wurinsa in ba Dawi ba? Tun suna samari jirginsu ɗaya. Kullum sai ya kawo masa katantanwa, Shazli ya shafa ya faɗi sunanta, su yi ta musu. To ranar Asabar ɗan Shazli zai zo ya tafi da shi Alkahira. Har ya ɗaure kaya."

Sufeto ya tarar da Baba Dawi shi kaɗai a tsakar gida, yana ɗinkin komar kamun kifi. Gidan tsit, ko kaza babu.

"Yaushe rabonka da Shazli, Baba?"

"Tun Juma'a."

"Teku fa?"

"Da wace gwiwar? Na daɗe da daina shiga ruwa."

"To wa ya yanke ka a ƙwauri? Wannan yankan murjani ne, ko bushewa bai yi ba."

Tsohon ya ja jallabiya ya rufe ƙafa. Sufeto ya duƙa bayan ƙofa, ya ɗauko wata kwalba mai ruwa da yashi a gindinta. Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. Gishiri.

Komar ta suɓuce daga hannun Dawi.

"Ƙarami na zaɓa, Yallaɓai. Wallahi ƙarami. Irinsa ya harbe ni ba sau ɗaya ba. Na ce hannun ya kumbura, ya kwanta, a fasa tafiyar ko da na wata guda ne." Ya ci gaba, "Yana shafawa ya gane. Ya ce, 'Dawi, mai rai ka ba ni?' Bai zage ni ba. Cewa ya yi in zauna kusa. Na zauna har ya yi shiru."

"Me ya hana ka ce masa kada ya tafi?"

"Da bakina? Ya yi mini dariya? Duk wanda muka shiga teku tare ya mutu. In ya tafi, wa zan yi wa musu?"

Kurtun da ya rako Sufeto ya zaro ankwa, Sufeto ya yi masa alama ya mayar. Da kansa ya kama hannun tsohon, ya taimaka masa ya miƙe.

A bakin mota Dawi ya tsaya.

"Yallaɓai, inda za ku kai ni, akwai mutane?"

"Akwai, Baba."

"To, mu je."