Tulu na Huɗu

A wani zamani da ya shuɗe, 'yan aji biyar na wata makaranta suka yi shirin tafiya gindin dutse, su kwana uku. Tsohon malaminsu ya raba aiki, ya ce duk wanda bai gama nasa ba, a gida zai zauna. Aka ba wata yarinya tafasa ruwan sha, tulu huɗu, kamar yadda suka koya a darasin kiwon lafiya.

Ta hura wuta, ta tafasa, ta juye. Ta hura, ta tafasa, ta juye. Tana gama na uku itace ya ƙare, bayanta ya ƙage, idanunta suka yi ja.

Ƙawarta ta ce, "Ke, cika shi da na rijiya mana! Wa zai gane?"

Ta cika shi, ta tsaya jim. Sannan ta ɗauki gawayi ta rubuta "Danye" a jikinsa.

Malam ya zo yana jan ƙafa, ya daɗe yana duban tulun. Ya karɓi gawayin, ya yi wa harafin farko ƙugiyarsa.

Ya ce, "Ɗanye ake rubutawa, 'yata. Wannan ya zama na wanke ƙafa. Je ki naɗo tabarmarki."